Tuƙin mota a lokacin hunturu a ƙasashe masu dusar ƙanƙara

A kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa watan Maris, tsananin sanyi kan sauya yanayin hanyoyin mota a arewacin Turai da Rasha da Kanada da kuma wani babban ɓangare na Amurka.

Wani ƙiyasi da hukumar kula da manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta wallafa ya nuna cewa a ƙasar kaɗai, mutane fiye da 1,300 ne kan rasa rayukansu a shekara, wasu fiye da 116,000 kuma su jikkata, a haɗurran da ke aukuwa a kan hanyoyin da dusar ƙanƙara ta rufe ko waɗanda ruwa ya daskare a kansu.

Daga cikin masu tuƙi a waɗannan ƙasashe akwai ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Najeriya da Nijar da Ghana, waɗanda suka koyi mota a inda ba a san dusar ƙanƙara ba.

Hunturun farko yakan yi wa irin waɗannan direbobi wuya, saboda abin da ƙafa ta saba yi a kan busasshiyar kwalta, wato taka birki da ƙarfi idan an ga hatsari, shi ne yake jawo zamewa a kan ƙanƙara.

Shawarwarin da hukumomin kiyaye haɗurra da ƙungiyoyin masu motoci na ƙasashen ke bayarwa sun fi karkata ne ga abubuwa uku: irin tayar da ke ƙarƙashin mota, da tazarar da direba ya bari a gabansa, da kuma rage gudu. Girman mota ko tsadarta suna zuwa ne daga baya.

Abin da ke sa hanya santsi

Duk nauyin mota yana kan tayoyi huɗu ne, kuma wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da wannan ɗan wuri ne mota ke tashi, da shi take shan kwana, da shi kuma take tsayawa.

Idan ruwa ko dusar ƙanƙara ko ƙanƙara ta shiga tsakanin taya da kwalta, riƙon yakan ragu ƙwarai.

Kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya ce nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka aƙalla sau biyu a kan jiƙaƙƙiyar hanya, yana kuma iya ninkawa har sau goma a kan ƙanƙara. A busasshiyar hanya, motar da ke gudun kilomita 48 a awa tana buƙatar kimanin mita 23 kafin ta tsaya cik.

Haka kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau huɗu ne.

Mafi hatsari ita ce siririyar ƙanƙarar da ke daskarewa a kan kwalta ba tare da ta yi fari ba, wadda Turawa ke kira baƙar ƙanƙara. Direba yakan ɗauka hanya ce kawai ta jiƙe.

An fi samunta da asuba da farkon safiya, da wuraren da inuwar bishiyoyi ko gine-gine ke hana rana sauka, da kuma kan gadoji. Gada tana riga sauran hanya daskarewa ne saboda iska mai sanyi tana ratsa ta ta sama da ta ƙasa.

A ranar 11 ga watan Fabrairun 2021, motoci kimanin 130 ne suka yi karo da juna da sassafe a wani ɓangare na babbar hanyar birnin Fort Worth da ke jihar Texas, bayan ruwa ya daskare a kan titin da ke bisa gada. Mutane shida ne suka mutu.

Motoci da yawa na nuna alamar gargaɗi a gaban direba idan sanyin waje ya sauka zuwa digiri 3 ko 4 a ma'aunin Selsiyos, domin a lokacin kwalta na iya riga ta daskare ko da iska ba ta kai sifiri ba.

Zaɓen mota

Motoci sun kasu gida uku dangane da tayoyin da inji ke juyawa.

Mai jan gaba ita ce ta fi yawa cikin ƙananan motoci. Nauyin injinta yana kan tayoyin da ke ja, saboda haka takan tashi ba wahala a kan dusar ƙanƙara marar zurfi, kuma ta fi sauƙin kuɗi da shan mai.

Mai jan baya ta fi saurin juya bayanta idan aka ba ta wuta a wuri mai santsi, musamman ma motar a-kori-kura da ba a ɗora mata kaya ba.

Mai ja da tayoyi huɗu kuwa ta fi sauran iya tashi da hawan tudu. Sai dai a nan ne direbobi da dama ke yaudarar kansu, domin ko wace mota birkinta a tayoyi huɗu yake. Jan tayoyi huɗu ba ya rage nisan tsayawa ko kaɗan, kuma taimakonsa wajen shan kwana ƙalilan ne.

Gwaje-gwajen da mujallun motoci da kamfanonin taya suka sha gudanarwa sun nuna cewa ƙaramar mota mai jan gaba da ke da tayoyin hunturu takan riga babbar jif mai tayoyin zafi tsayawa a kan dusar ƙanƙara.

Amfanin jif shi ne tsayinta daga ƙasa, wanda ke taimaka wa mazauna karkara inda ba a saurin share hanya. Amma ta fi nauyi, ta kuma fi saurin kifewa idan ta zame ta bugi gefen titi.

Ga wanda ke zaune cikin birni, inda hukuma ke share tituna tana zuba gishiri, ƙaramar mota mai jan gaba da tayoyi masu kyau ta wadatar.

Akwai na'urori biyu da ya kamata mai saye ya tabbatar motar na da su.

Ta farko ita ce ABS, wadda ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, ta yadda sitiyari zai ci gaba da aiki. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus ne suka fito da irinta ta zamani a shekarar 1978.

Ta biyu ita ce ESC, wadda wasu kamfanoni ke kira ESP. Tana gane lokacin da mota ta fara kauce wa inda direba ya nufa, sai ta kama birkin taya ɗaya don daidaita ta. An fara sa ta a mota a 1995, kuma ta zama dole a sababbin ƙananan motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga watan Nuwamban 2014.

Wanda zai sayi motar hannu ya duba tarihin binciken lafiyarta. A Birtaniya ana iya ganin sakamakon gwajin shekara-shekara na MOT kyauta a intanet da lambar mota. A Jamus ana yin irin wannan bincike duk bayan shekara biyu.

Kazalika a gwada hita da iskar da ke busar da gilashi kafin a biya kuɗi, domin motar da gilashinta ke rufewa da tururi ba ta tuƙuwa a lokacin sanyi.

Fetur, gas ko lantarki

Injin fetur ya fi saurin tashi da saurin ɗumama cikin mota idan ana sanyi.

Man gas kuwa yana ɗauke da wani kakin da ke daskarewa ya toshe matatar mai. Shi ya sa gidajen mai ke sauya irin man da suke sayarwa. A Jamus, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, ana sayar da man da ke jure sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Matsala kan taso ne ga wanda ya cika tanki tun lokacin zafi ya ajiye mota, ko wanda ya sha mai a kudu ya hau tsaunuka.

Motar lantarki tana tashi ba matsala, amma nisan da take ci da caji ɗaya yakan ragu. A wani gwaji da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019, nisan ya ragu da kashi 41 cikin ɗari a sanyin kimanin digiri 7 ƙasa da sifiri idan an kunna hita, da kuma kashi 12 cikin ɗari idan ba a kunna ba.

Duk da haka a Norway, ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya sanyi a Turai, kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne. Direbobi a can sukan ɗumama mota tun tana jone da wuta kafin su tashi, don kada hita ta cinye batir a hanya.

Tayoyin hunturu

A ƙasar Finland aka fara ƙera tayar hunturu a 1934, domin manyan motoci, a kamfanin da a yau ake kira Nokian. Bayan shekara biyu aka fito da ta ƙananan motoci.

Bambancinta da sauran tayoyi yana cikin roba da zane. Robar tayar zafi takan fara tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 7, yayin da ta hunturu ke zama da laushinta. Zanenta ya fi zurfi, kuma yana da ƙananan tsage-tsage masu yawa da ke cizon dusar ƙanƙara.

Ana gane ta da wata alama a gefenta: hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. Alamar na nufin tayar ta ci gwajin riƙo a kan dusar ƙanƙara. Haruffan M+S kaɗai ba sa tabbatar da haka.

Akwai kuma tayoyin da aka yi don duk shekara. Waɗanda ke ɗauke da alamar dutsen sun isa a wuraren da sanyi bai tsananta ba, kamar kudancin Ingila ko yammacin Jamus, amma ba su kai na hunturu zalla ba a arewacin Sweden ko Kanada.

Tayoyi masu ƙusoshi sun fi kowace riƙo a kan ƙanƙara tsantsa, sai dai suna cin kwalta suna tayar da ƙura. Jamus ta hana su tun 1975, birnin Oslo kuma yana karɓar kuɗi daga mai amfani da su.

Ana sa tayoyin hunturu ne huɗu gaba ɗaya. Sa biyu a gaba kawai yana sa bayan mota ya juya a kwana.

Doka a yawancin ƙasashen Turai ta amince da zurfin zane na milimita 1.6, amma ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tana ba da shawarar a sauya tayar hunturu idan zanenta ya gaza milimita 4.

Iskar taya takan ragu idan sanyi ya ƙaru, saboda haka a riƙa auna ta aƙalla sau ɗaya a wata, kafin mota ta yi tafiya.

Abin da doka ta tanada

Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma suna hawa kan baƙo kamar yadda suke hawa kan ɗan ƙasa.

A Jamus, tun watan Disamban 2010, laifi ne a tuƙa mota ba tayoyin hunturu a duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara ko dusar ƙanƙara. Daga 1 ga Oktoban 2024, tayoyi masu alamar dutsen ne kawai ake amincewa da su. Tarar tana farawa daga Yuro 60. Jamusawa sukan sa tayoyin ne daga Oktoba zuwa bikin Ista.

A Ostiriya dokar na aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan akwai yanayin hunturu, a Sweden daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, a Finland kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Faransa ta kafa tata dokar a 2021, wadda ta shafi wasu yankunan tsaunuka daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A can dole ne mota ta kasance da tayoyin hunturu, ko kuma sarƙar taya a cikin but.

A Kanada, lardin Quebec ya wajabta tayoyin tun 2008, kuma daga 2019 wa'adin ya koma 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Birtaniya ba ta wajabta su ba.

Inda alamar hanya ta ce a sa sarƙa, ana ɗaura ta ne a tayoyin da ke ja, kuma a Jamus ba a wuce gudun kilomita 50 a awa da ita. Ya kamata a koyi ɗaura ta a gida da rana, tun kafin buƙata ta taso a bakin hanya cikin duhu.

Dangane da lasisi kuwa, wanda ya koma Birtaniya da zama yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa na wata 12, a Jamus kuma wata shida. A Sweden ba a ba mutum lasisi sai ya yi horo a wani fili mai santsi da aka tanada don haka, kuma akwai makarantun tuƙi a wasu ƙasashen da ke ba da irin wannan horo ga mai so.

Shirya mota

Batir ne kan gaba wajen hana mota tashi da safe. Sanyi yana rage ƙarfinsa a daidai lokacin da inji ke buƙatar ƙarin ƙarfi don juyawa. Yawanci batir kan yi shekara uku zuwa biyar, saboda haka wanda ya tsufa a kai a auna shi tun watan Oktoba.

Ba a zuba ruwa zalla a lagireto. Ruwa yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, abin da ke iya fasa lagireto ko injin kansa. Haɗin rabi ruwa rabi maganin daskarewa yana jure sanyin kimanin digiri 37 ƙasa da sifiri. Maganin guba ne, kuma yana da zaƙi, don haka a nesanta shi daga yara.

Baƙin mai ma yana da nasa lissafin. Lambar da ke gaban harafin W a jikin galan tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. Irin 20W-50 da aka saba da shi a ƙasashe masu zafi yakan yi kauri ainun. Yawancin motocin zamani 5W-30 ko 0W-20 suke buƙata, kuma littafin mota ne ke da hukuncin ƙarshe.

Ruwan wanke gilashi ya zama irin wanda ba ya daskarewa, a kuma sauya waifar da ta tsufa. Gishirin hanya yakan fantsamo ya rufe gilashi cikin 'yan mintoci.

A Kanada da arewacin Turai motoci da yawa suna da wata waya da ake jonawa da wuta don ɗumama inji kafin a tayar da shi idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri ko ya zarce.

Ana son kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. A cikin but kuma a ajiye bargo, da tocila, da ƙaramin shebur, da abin kankare gilashi, da wayar jona batir, da ruwan sha, da ɗan abinci, da safar hannu, da cajar waya, da magungunan da mutum ke sha kullum.

Kafin a tashi

Matakin farko shi ne sauraren hasashen yanayi. Idan hukumomi suka ce a zauna a gida, to a zauna, ko kuma a hau jirgin ƙasa ko bas.

Idan tafiyar ta zama dole, a ƙara lokaci a kan wanda aka saba, a bi manyan hanyoyin da ake sharewa, a kuma sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa.

A share dusar ƙanƙara daga dukkan gilasai da madubai da fitilu da lamba da kuma rufin mota. Wadda aka bari a rufi takan zamo ta rufe gilashin gaba idan an taka birki, ko ta tashi ta faɗa wa na baya. Jihar New Hampshire ta Amurka ta mayar da barin ta laifi tun 2002.

Kada a zuba ruwan zafi a kan gilashin da ya daskare, yana iya tsagewa nan take.

Injin zamani ba ya buƙatar a bar shi yana aiki a tsaye na tsawon lokaci. A Jamus ma doka ta hana barin inji yana aiki don kawai ya yi ɗumi. Tuƙi a hankali a mintocin farko ya fi saurin ɗumama shi.

A cire wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi a kujerarsa, sannan a lulluɓe shi da bargo ta sama. Rigar takan hana bel kama jiki sosai.

A kan hanya

A tashi a hankali. Mai mota manuwal yana iya tashi a giya ta biyu don kada tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Wasu motoci atomatik suna da maɓallin dusar ƙanƙara mai yin wannan aiki.

Iyakar gudun da ke kan allo an sa ta ne don busasshiyar hanya. A lokacin da babu ruwa akan bar tazarar daƙiƙa biyu tsakanin mota da ta gabanta, a jiƙaƙƙiyar hanya a ninka, a kan ƙanƙara kuwa a ninka har sau goma.

A rage gudu tun kafin a kai kwana, a shiga ta ba tare da taka birki ko ba da wuta ba. Kowane motsi, na sitiyari ko na ƙafa, ya zama mai laushi.

Wajen hawan tudu a bari na gaba ya yi nisa, a hau da gudu ɗaya ba tsayawa. Wajen gangara a sa ƙaramar giya tun daga sama.

Kada a yi amfani da na'urar da ke riƙe gudu da kanta a hanya mai santsi.

Idan ƙarar tayoyi ta ɗauke, sitiyari kuma ya yi sakayau a hannu, alama ce cewa an hau ƙanƙara.

Rana gajeriya ce a wannan lokaci. A London takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, saboda haka yawancin tuƙin zuwa aiki da dawowa cikin duhu ake yi. A kunna fitilun gaba, amma ban da mai dogon haske idan dusar ƙanƙara na zuba, domin hasken yakan dawo idon direba. A Birtaniya ana kunna fitilar hazo ne idan ba a iya hangen abin da ya wuce mita 100, kuma dole a kashe ta idan gari ya washe.

Kada a wuce motar da ke share hanya ko zuba gishiri, tunda gabanta ya fi bayanta muni. Gishirin ma ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifiri.

Idan mota ta zame

Abu na farko shi ne ɗage ƙafa daga totur a hankali, a kuma kafa ido a kan inda ake son mota ta nufa.

Idan bayan mota ne ya zame, a juya sitiyari zuwa ɓangaren da ya zame. Wato idan bayan ya yi dama, a juya dama, amma kaɗan, sannan a miƙe da zarar ta daidaita.

Idan gaban ne ya ƙi bin kwana, ƙara murɗa sitiyari ba ya amfani. A sassauta shi kaɗan har tayoyi su sake kama ƙasa.

Idan tsayawar gaggawa ta kama a mota mai ABS, a taka birki da ƙarfi a riƙe, kada a saki. Birkin zai yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafa yana ƙara, wannan alama ce cewa yana aiki. A tsohuwar motar da ba ta da shi, sai a riƙa takawa a hankali ana saki.

Idan an maƙale

A watan Janairun 2022, mutane fiye da 20 ne suka mutu cikin motocinsu a garin Murree na ƙasar Pakistan, bayan dusar ƙanƙara ta tare dubban masu yawon buɗe ido a hanya cikin dare. Jami'ai sun ce sanyi ne ya kashe wasu, wasu kuma hayaƙin mota.

A cikin watan ne kuma ɗaruruwan motoci suka kwana a kan babbar hanyar I-95 a jihar Virginia ta Amurka. Sanata Tim Kaine na cikin waɗanda abin ya rutsa da su, inda tafiyar da ya saba yi cikin awa biyu ta ɗauke shi kimanin awa 27.

Shawarar da hukumomi ke bayarwa ita ce a zauna cikin mota, sai fa idan akwai gini kusa da ake gani da ido. Mota mafaka ce, kuma masu ceto sun fi saurin ganinta a kan mai tafiya a ƙasa.

A riƙa kunna inji na kimanin minti goma a kowace awa don samun ɗumi. Kafin kowace kunnawa a fita a tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, a kuma ɗan buɗe taga.

Idan salansa ta toshe, iskar guba ta carbon monoxide takan taru cikin mota. Ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da jin barci, sannan ta yi kisa. Idan mutane sun fi ɗaya, su riƙa barci bi da bi.

Lambar neman agaji ita ce 112 a duk Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.

Motocin da ke zuwa Afirka

Hunturun Turai da Amurka yana shafar masu sayen mota a Kano ko Maradi ko Kumasi, ko da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka, wato kashi 40 cikin ɗari.

Motar da ta yi shekaru tana bin titi mai gishiri takan yi tsatsa ta ƙasa ko da fentinta na ƙyalli. Mai sayen 'yar Beljiyam ya sa makanike ya ɗaga ta, ya duba ƙarafan ƙasa, da bututun man birki, da tankin mai, da salansa. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne.

Wasu motocin sukan iso da tayoyin hunturu a jikinsu, wasu tayoyin kuma ana samunsu a kasuwar gwanjo. Robarsu mai laushi ba don kwalta mai zafi aka yi ta ba. Takan cinye da wuri, ta kuma tsawaita nisan tsayawa. Duk tayar da ke da alamar dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara, a tambaya ko ta hunturu ce zalla kafin a yi doguwar tafiya da ita.

Shekarun taya ma a rubuce suke a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Alal misali 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019.

Shi kuwa hunturun yankin Sahel, wanda ke zuwa kusan lokaci ɗaya da na Turai, matsalarsa hazo ce. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan rage nisan da direba ke hange.

A nan ma a rage gudu, a kunna fitilun gaba marasa dogon haske, a ƙara tazara, a kuma guji wuce mota idan ba a ganin gaba. Wanda hazo ya tilasta wa tsayawa ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ya kunna fitilun gargaɗi.